Gajeriyar Igiya a Mashigin Almendro

Yarinyar baƙin ce ta fara ganinta. Yorleny Campos tana rumfarta a bakin yashi tana ɗauraye gilasan ninkaya a baho, sai ta ji irin ihun da uwa ba ta kuskurewa, na yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Ta fara leƙa ƙarƙashin tebur ta tabbatar 'yarta Camila na nan tana wasa da kwanson katantanwa, sannan ta dubi teku.

Mijinta Ovidio ne ya fita da ayarin safiyar nan, wasu iyali daga San José da suka kama gurbi ta waya, suka karɓi hayar gilashi da bututun numfashi da rigar ceto a rumfar Yorleny. Ga shi can yana tura su cikin kwalekwale ɗaya bayan ɗaya, uwar yarinyar tana rufe mata ido bayan ido ya riga ya gani.

Tsohuwar kififiyar da duk Puerto Almendro ke kira Kaka ce. Tana ƙasan ruwa, an ɗaure ƙafarta ta baya da igiya, igiyar kuma an ɗaure ta da curin simintin da ke riƙe da tulun roba mai nuna iyakar wurin iyo. Wuyanta a miƙe yake sama. Tsakanin hancinta da iska akwai tsawon mutum.

Kafin rana ta take, Xinia Obando, shugabar masu gadin mashigin, ta sa an fito da gawar an shimfiɗe ta a kan tamfol. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɓata lokaci ba.

"Igiyar waye wannan?"

"Tawa ce," in ji Ovidio. "A kwalekwale take rataye. Kowa na iya ɗauka."

"Wannan fa?" Ta ɗaga wani yankin soso mai ruwan lemo da aka naɗe ƙafar kififiyar da shi a ƙarƙashin ƙullin. A gefensa akwai shuɗin zaren da Yorleny ke yi wa kayanta alama da shi.

"Daga rigar cetonmu aka yanko shi," in ji Yorleny. Ƙarya ba za ta goge ɗinkin hannunta ba.

"To, Doña Yorleny, ba ni da komai da ku. Amma igiya taku, riga taku. An ɗaure ta gajere don ta nutse, a dawo a ɓare ƙoƙon bayanta a sayar. Na karɓe lasisin Ovidio daga yanzu, na rufe mashigin. In ban ji wani bayani ba, gobe da safe zan miƙa shi ga 'yan sanda."

Ovidio ya cire katin lasisin daga wuyansa ya miƙa mata. Yorleny ta bi katin da ido. In babu shi babu rumfa, don ba a ba da hayar kaya sai da ɗan jagora mai lasisi. In babu rumfa babu haya, babu maganin ƙirjin Camila. In kuwa aka kai shi kotu, yarinyar za ta koyi gane ubanta ta bayan ƙarfe.

"Zan iya taɓa igiyar?"

Xinia ta ɗaga kafaɗa. Yorleny ta buɗe hannuwanta ta auna ta daga ƙulli zuwa ƙulli, ta riƙe tsawon a ranta. Ta saɓa Camila a kafaɗa ta kama hanya.

Ta fara da Doña Maritza mai sayar da sarƙoƙi a gindin bishiyar almendro, wadda mijinta marigayi ya yi sana'ar ƙoƙon kififiya kafin a hana.

"Na san za ki zo," in ji tsohuwar, ba ta ɗago daga zaren da take shiryawa ba. "In akuya ta ɓace, gidan tsohuwar kura ake fara leƙawa."

"Ban ce ke ce ba, Doña Maritza."

"Ƙafarki ta faɗa. Zauna, ba ni yarinyar nan, kin riƙe ta kamar buhun wake." Ta karɓi Camila ta ɗora a cinya. "Na je na ga Kaka. Ita Xinia ta iya doka, amma ba ta taɓa zama da masu ɓarar ƙoƙo ba. Mai son ƙoƙo ba ya ajiye kayansa a inda baƙi ke iyo da safe. Kuma ina kika taɓa ganin mahauci ya naɗe ƙafar abin yanka da soso don kada igiya ta ci ta? Wanda ya yi wannan, 'yar nan, ba ya son ta ji ko ciwo."

Daga nan ta wuce rumfar Don Greivin, wanda suka daɗe suna ja-in-ja da Ovidio a kan baƙi. Ta same shi yana tara rigunan ceto yana cusawa a buhu.

"Kin zo ganin yadda kuka toshe mini hanyar abinci?"

"Na zo tambaya. Jiya da yamma ina kake?"

"A nan, ina kallon baƙina suna tafiya wurinku." Ya juya mata kunnensa na hagu. "Dodon kunnen nan ya fashe tun kina makaranta. Ko a baho ba na tsoma kai. Kuma wane wawa ne zai ƙona kasuwa don ya ƙona rumfar maƙwabci? Ki koma gida ki tambayi masu alkawari."

"Wane alkawari?"

"Kada ki yi mini fuskar waliyyiya. 'In ba ku ga kififiya ba, ku karɓi kuɗinku.' Haka ake gaya wa mutane a wayarku. Kififiya ta zama ma'aikaciyarku ke nan, tana zuwa aiki a kan lokaci?"

Yorleny ba ta taɓa yin wannan alkawarin ba. Ba kuma ita ke amsa waya ba tun da yayanta Wilberth ya zo daga garinsu a gaɓar Karibiyan, bayan aikin gonar ayaba ya ƙare masa. Ita ta roƙi Ovidio ya ba shi ɗakin baya da wayar rumfa. Amma baki daban, hannu daban. Mai alkawari ba lalle ne shi ya yi ɗauri ba, kuma wanda alkawarin zai fi ƙuntata wa shi ne wanda zai shiga ruwa da baƙi.

Ta sami Ovidio zaune a bakin kwalekwalensa. Ta tsaya a gabansa.

"Baban Camila, zan tambaye ka sau ɗaya."

Ya dube ta, ya yi wata dariya marar daɗi. "Har da ke."

"Ina da yarinya. Dole in tambayi kowa."

"To ji. Da zan yi wannan haukan, da doguwar igiya zan yi shi. A nan aka yanke mini cibiya, Yorleny."

Ba ta ba shi haƙuri ba, lokacin bai yi ba. Ta jira la'asar, lokacin da teku ya janye ya bar duwatsu tsirara. Ta bar Camila wurin Doña Maritza, ta yanki zare daidai tsawon da ta auna, ta sa gilashi ta yi iyo zuwa tulun robar. Ta nutsa ta saƙale kan zaren a jikin simintin, ta taso da ɗaya kan. Ya kai saman ruwa, har da rarar kamar taƙi biyu.

Ta daɗe tana riƙe da tulun, ba don gajiya ba.

Da ta fito, Wilberth na zaune a jiƙaƙƙen yashi yana kallon teku, takalmansa a gefe. Camila ta zame daga cinyar tsohuwa, ta rugo ta kwashi takalman ta kai su can sama gindin bishiya.

"Kawu kullum a nan yake barin su," ta gaya wa uwarta. "Kullum ni nake kwashewa, in ba haka ba ruwa ya tafi da su."

"Je ki wurin Doña Maritza, zan zo."

Yorleny ta zauna kusa da yayanta, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ta ajiye zaren a tsakaninsu.

"Yaya, rarar taƙi nawa ka bar mata?"

"Me kike faɗa ne?"

"Zan gaya maka abin da na sani, in ya so ka gyara mini. Wanda ya ɗaure Kaka ya naɗe mata ƙafa, don haka da rai yake son ta. Ya san inda nake ajiye rigunan da suka yage, don a cikinsu aka yanki soso, ba a taɓa masu kyau ba. Ya auna igiya da yamma lokacin da ruwa ya janye, ya ga tana kai hanci sama tana shaƙar iska, ya tafi gida hankali kwance. Babu wanda aka haifa a garin nan da zai yi haka. Ko Camila ba za ta yi ba. Sai mutumin da ya girma a inda teku ba ya tashi fiye da taƙi ɗaya ko biyu. Mu biyu ne kawai 'yan can a bakin ruwan nan, ni kuwa jiya da yamma ina asibiti da yarinya."

Wilberth ya ɗebi yashi ya saki.

"Na san yana cika," ya ce a hankali. "Ina gani kullum. Kawai ban zaci a can tsakiya ma haka yake tashi ba. Na bar mata rara, Yorle. Allah ya sani na bar mata."

"Irin rarar gida."

"Kwanan nan ba ta zuwa da safe, baƙi suna ƙorafi. Na ce in riƙe ta dare ɗaya, in sake ta da asuba, tana nan kusa lokacin da za su shigo. Da na je da asuba... hannuna ya kasa kwance ƙullin."

"Sai ka bar yarinyar mutane ta gani. Ka tsaya kana kallo Ovidio ya cire kati daga wuyansa."

"Na gaji da cin shinkafar mijinki ne. Ko madarar kwakwa babu a ciki, irin ta gida." Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai samu ba. "Na so in kawo wani abu ni ma. Ki bar maganar, Yorle. Shi ɗan gari ne, kowa ya san shi, za su ci shi tara su sake shi. Ni baƙo ne. Ni na goya ki lokacin da Mama ke wankau, kin manta?"

Ba ta manta ba. Ta tuna bayansa, da ranar da ya tsallaka da ita kogi a kan wuyansa. Ta dubi gindin bishiya, inda Camila ke gwada takalman kawunta tana jan su a yashi.

"Ban manta ba, Yaya. Amma ni ma yanzu akwai wadda nake goyo. Ofishin Xinia a buɗe yake har faɗuwar rana. Ko ka shiga da ƙafarka, ko in shiga da tawa. In ka shiga da taka, zan tsaya in shaida cewa ba kashe ta ka yi niyya ba. Iyakar abin da ya rage a hannuna ke nan."

"Mama ba za ta yafe miki ba."

"Na sani."

Ya tashi. Ta bi shi a baya har ƙofar ofis, ba don ba ta yarda da shi ba, ko kuma don hakan. Xinia ta saurare su har ƙarshe, ta ɗauko igiyar ta gwada da zaren, ta daɗe tana kallon teku ta taga. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta miƙo wa Yorleny katin Ovidio. Wilberth kuwa ta ce ya zauna, shi za ta miƙa ga 'yan sanda.

Ovidio ya karɓa ya rataya a wuya. Da ta sa hannu a kafaɗarsa, bai ture ba, bai kuma juyo ba.

Kashegari da safe uwarsu ta kira. Yorleny ta saƙale wayar a kafaɗa, hannuwanta cikin baho tana ɗauraye gilasai.

"Kin sayar da ɗan'uwanki a kan kififiya."

"Mama, ya jikin ƙafarki?"

Aka kashe waya.

An buɗe mashigin. Wasu baƙi biyu suka tsaya a rumfa suka tambaya ko tabbas za su ga kififiya. Yorleny ta ɗaure wa ƙaramarsu rigar ceto, ta ja maɗaurin ta tabbatar ya kama.

"Babu tabbas," ta ce. "Kifi dai akwai."

Camila ta zo ta ja mata siket, rungume da takalman roba da suka fi ƙarfin hannunta.

"Mama, Kawu ya tafi ba takalmi. Ina zan ajiye masa?"

Yorleny ta dubi ruwan da ya fara hawowa yana lasar yashi.

"Kai su can sama," ta ce. "Sama sosai."