Maƙwabcin da ke Ƙarƙashin Murhu

Musibar da ta sauka a gidan Malam Yahuza na Kiyawa, dattawan unguwa sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Waina ce ta fara ƙonewa gefe ɗaya.

Da almuru ne, kaji sun hau, tsakar gida ta yi tsit. Matarsa Bilki ta ɗora tanda, sai ta ga wutar ta kwanta dama kamar ana tura ta da hannu. Ramukan dama sun yi baƙi ƙirin, na hagu ƙullu ne tsagwaronsa. Ta fifita, ta ƙara itace. Wutar ta ƙi hagu.

Kwana uku haka. A na huɗu tsakuwa ta fara sauka kan kwanon kicin, ɗai-ɗai, ba gaggawa. Bilki ta juya ta kira 'yarta Hadiyya, sai ta gan ta tsugune gaban murhu, ido a kafe, tana tari irin na tsoho.

"Hadiyya?"

"Ba ta nan," in ji wata murya mai kauri daga bakin yarinyar.

Aka garzaya Aujara aka ɗauko Malam Zuhair mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu, yarinyar na karkarwa, uwar ta toshe bakinta da mayafi.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?" in ji malamin.

"Maƙwabci ne, ƙarƙashin murhu nake da iyalina. An zalunce ni. A ba ni rago."

"Ko gashin kaza ba za ka gani ba. Faɗi zaluncin."

Sai muryar ta ce:

"Toka ta toshe min ƙofar hagu, a kwashe ta kullum. Dutsen wannan gefen ya nutse kan rufina, a ɗaga shi. Ɗanyen darbejiya kuma ya ishe mu, 'ya'yana tari suke."

"In an yi, za ka sake ta?"

"Har abada."

"Na ɗauka! Wallahi na ɗauka!" Bilki ta faɗa da kuka.

Hadiyya ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Tun kafin a yi isha'i Bilki ta kwashe toka cikin kwano huɗu, ta daidaita dutsen, ta nemo busasshen itace. Wuta ta tashi tsaye, waina ta soyu ko'ina.

Waɗannan sharuɗɗa uku su ne Malam Yahuza ya yi wata biyu yana maimaita wa Bilki, ba ta kula ba. Shi dai da muryarsa yake faɗa.