Fitilun Fijon Baba

"An fasa!"

Ramla ta tsaya cak a tsakar gida, tiren shayi a hannunta.

"Baba... mi aka fasa?"

"Auren! Ki hwaɗa ma yaron nan kada ya ƙara tako mani ƙofar gida. Na gama magana."

Alhaji Sammani ya shige ɗakinsa ya banko ƙofa. Inna ta saki salati. Goggo Zuwaira kuwa, ƙanwar Baba, wadda ta zo kwana ɗaya ta share mako, sai ta gyara ɗaurin kallabinta tana murmushi.

"Alhamdu lillahi! Da ma ni ban ga abin da ɗiyar cikin birni za ta ci da baƙauyen da ya shigo Katsina da acaba ba. Ga ɗana Bashir can a ofis, mi ya rasa?"

Ramla ba ta san lokacin da hawaye suka wanke mata fuska ba.

Jiya fa! Jiya-jiyan nan babu wanda ya kai ta farin ciki a duk Ƙofar Marusa.

Baba yana da wata tsohuwar Fijo fara, wadda ya saya a gwanjon ma'aikatar da ya yi wa tuƙi har ya yi ritaya. Ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Shi ke wanke ta, shi ke duba mata ruwa, kuma kullum taƙamarsa ita ce duk tsawon tuƙinsa ko kaza bai taɓa takewa ba. To da damina ta kankama sai ya fara mita: fitilun motar sun mutu, in hadari ya rufe yana dawowa daga gona ba ya ganin gefen titi. Ana cikin haka ya ce a kira masa Siddiq, saurayin Ramla, mai wayarin motoci, ya sa masa 'yan fitilun nan na ƙasa masu ruwan ɗorawa.

Baba da bakinsa! Mutumin da sai da Inna ta yi ta lallashi kafin ya karɓi gaisuwar yaron.

Bayan la'asar Siddiq ya iso da kwalinsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, wanda ya kafa kujera a inuwar bango don ya sa ido a kan motarsa. Sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin bamba. Ramla tana laɓe a soro tana leƙe, zuciyarta fes.

Ya huda ƙarfen a hankali, ya ɗaure fitilun biyu can ƙasa, ya auna da igiya don kada ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya jawo waya daga batir ya sa mata fiyus, ɗan abin nan da ke ƙonewa shi kaɗai in wuta ta yi yawa don kada mota ta kama. Ya bi jikin motar da wayar yana naɗe ta da salatif, yana kauce wa duk inda inji ke zafi, har ya zura ta ciki ya kafa makunni a gefen sitiyari.

Da Baba ya tashi sabunta alwala, Ramla ta yi wuf ta leƙo.

"Malam mai wayarin, mi ya sa ka sa su a ƙasa kamar masu jin kunya?"

Ya turo kai daga ƙarƙashin motar, baƙin mai a kumatunsa.

"In an ɗaga su sama, hasken ruwa yake buga ya dawo wa direba a ido. A ƙasa kuwa kwalta kawai suke bi. Kuma ai dole su ji kunya, Ramlata... gidan surukai suka zo."

Ta rufe fuska da mayafi ta ruga ciki haɗa masa zoɓo.

Kafin ta fito da kofin, komai ya dagule. Siddiq yana tattara kayansa kai a sunkuye, Baba yana tsaye yana huci. Aka danna makunni, fitilu ko ƙyas. Shi ke nan abin da kowa ya gani.

Shi ya sa yau, ko karyawa ba ta yi ba, ta zari hijabi ta nufi garejin su Siddiq.

"Siddiq, mi ka yi wa Baba?"

"Zauna tukuna, abar ƙaunata..."

"Ba zan zauna ba! Goggo tana can tana yayata cewa ko sana'arka ba ka iya ba, ka ɓata masa mota. Ka gyara fitilu nawa a garin nan? Sai na Babana ne za su ƙi kamawa?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Sun kama. Ni na cire fiyus ɗin."

"Kai ka cire?"

"Ni."

"Don mi?"

"Ba zan iya faɗa ba, Ramla. Ba maganata ba ce."

"Aurenmu ne fa ke rushewa!"

"Na sani. Wallahi jiya ban runtsa ba." Ya ajiye tsumman. "Abu ɗaya nake roƙonki. In hadari ya haɗo, kada ki bari ya ɗauki mota."

"Ni zan hana Baba ɗaukar mota? Kai dai ka ce ka gaji da ni!"

Ta juya ta tafi. Ya kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Ta yi kuka a cikin a-daidaita har mai tuƙin ya tambaye ta ko rasuwa aka yi.

Goggo Zuwaira kuwa ba dama! Washegari sai ga Yaya Bashir daga GRA, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, da wani bakanike a bayansa. Mutumin ya leƙa, ya zura sabon fiyus, fitilu suka kama tar. Wayyo, zo ka ga guɗa! Kai ka ce Bashir ne ya ƙera motar. Daga ranar kullum sai ya zo gaida kawunsa da ledar tsire, Goggo kuma tana tura Ramla kai masa ruwa. Ita dai ta kai, ta ajiye, ta juya. Ta rame har sarƙar wuyanta ta yi mata yawa, wayar Siddiq kuma ta ƙi ɗauka don haushi, alhali in ta daina ƙara sai ta rungume ta.

Ran nan Baba ya ce ta raka shi gona ta ɗebo wa Inna kuɓewa da yakuwa. Rana tsaka suka tafi, gari garau. Suna shirin dawowa gabas ta yi baƙi ƙirin.

Gargaɗin Siddiq ya faɗo mata.

"Baba, ko mu jira ya wuce?"

"Ruwa? Ni da na yi tuƙi har Legas? Shiga mu tahi."

Ba su yi nisa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa tana kai da komo a kan gilashi, gari ya rufe. Baba ya lalubi makunni ya danna. Nan take hasken ruwan ɗorawa ya kwanta a kan kwalta, Ramla ta ga farin layin gefen titi sarai, har ta ji sanyi a ranta.

Sai Baba ya sake danna makunnin. Hasken ya mutu. Ya ƙara dannawa, ya dawo.

"Kai! Shi ma wanga bakaniken Bashir aikin banza ya yi. Ramla, sun kama kuwa?"

Ta juyo ta dube shi. Ya manne ƙirjinsa da sitiyari, ya ƙanƙance ido, gumi yana tsatstsafo masa duk da sanyin nan.

"Baba... a kunne suke."

Motar tana zamewa dama, tana cin layin, ga bakin kwalbati can yana tahowa, ruwa yana ambaliya a ƙarƙashinsa.

"Baba, tsaya! Don Allah tsaya!"

Ya taka birki. Fijo ta yi ƙugi ta ja ta tsaya, hancinta dab da simintin.

Innalillahi!

Babu abin da ake ji sai ruwa a kan rufi. Hannun Baba yana nan a kan giya. Ramla ta ɗora nata a kai, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama.

"Haka yaron nan Siddiq ya yi mani," in ji Baba a hankali. "Ya kunna su a bango, ni kuma ina ta ce mashi kunna mana mu gani. Sai ya durƙusa ya ce, Baba, fitilar motarka lahiyarta lau, a dai duba ido. Ya ce ba zai bar mani abin da zai ja ni kan titi cikin ruwa ba. Ni kuwa na ce in ya hwaɗa ma wani, ban yahe ba." Ya share fuska da hannun riga. "Tun bara nake ganin duniya kamar ta bayan labule, ɗiyata. Direban da ba ya gani, mi ya rage mashi?"

"Mu, Baba. Mu muka rage maka."

Baba ya nuna wayar da ke hannunta.

"Kira shi."

Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Ramlata? Kuna ina? Ya ɗauki motar, ko?"

Kuka ya hana ta magana, sai da ƙyar ta kwatanta masa wurin. Ya iso a kan babur na aro, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya ya tsinke. Bai tambayi komai ba. Ya buɗe wa Baba ƙofar baya, ya zauna a mazaunin direba, ya ja su a hankali har gida. Ramla tana gefe tana satar kallonsa, kunya da daɗi sun cika ta.

"Ka yafe mani," ta raɗa.

"Ke dai ki daina ƙin ɗaukar wayata. Saura kaɗan in mutu."

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma aikin ba wani mai wuya ba ne. Inna ta yi ta faɗa, tana kuka tana dariya: "Shekara guda kana ɓoye mani, Alhaji!" Goggo Zuwaira kuwa ta tuna ta bar shanya a gidanta, ta haɗa jakarta. Bashir dai ya zo dubiya da lemo, ya yi addu'a, ya tafi salin-alin.

Ranar da aka cire auduga, Baba ya ƙyafta ido ya dubi Inna, ya ce ashe ta yi furfura. Ya dubi Ramla ya ce wa ya ramar masa da ɗiya haka. Sannan ya hango wani durƙushe a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Wane ne can?"

"Siddiq ne, Baba."

"Matso, yaro."

Ya matso da gwiwa, bai ɗago ba.

"Ka ce ma magabatanka su zo ranar Juma'a a sa rana."

Ramla ta cusa fuska a kafaɗar Inna, ajiyar zuciya tana ƙwace mata.

"Kuma ɗago kanka," in ji Baba. "Tun da ka fara zuwa gidana, muryarka kawai na sani. Ɗago in ga wanda zan ba ɗiyata."