Shari'ar Shagon Mai Takaba

Tun hantsi bai gama dubawa ba Auta ta shimfiɗa farar rigarta a kan tabarma tana guga, baƙin siket ɗinta na rataye a ƙofar ɗaki. Inna na bakin gado tana ninke atamfofin da za ta kai kasuwa, tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Ni dai wannan karatu naku ban gane masa ba. Uwarki na sayar da atamfa kala-kala, ke kullum baƙi da fari kamar hankaka."

"Kai Inna! Doka ce fa. Duk ɗan sashen shari'a haka yake sawa. Ki shiga lakca da jan kaya ki gani, daga bakin ƙofa za a juyo da ke." Ta ajiye dutsen guga. "Kin dai tuna yau ce kotun gwaji ko? Kin yi mini alkawari. Dogo ma yana ciki."

"Na tuna. Zan rufe shago in zo. Kin san ba don kowa nake rufe shago ba."

Gaskiya ta faɗa. A kasuwa Ba-Ragi ake kiranta, don idan ta yanka farashi ko ɗan uwanta ne ya zo sai ya biya. Lokacin da mijinta ya rasu, Auta na goye, Inna na cikin takaba 'yan uwan miji suka zo da sabon kwaɗo za su garƙame shagon, wai na gidansu ne. Ta fito da mayafin takabarta ta zauna a bakin ƙofa, almakashi a cinya, ta ce duk mai ƙarfi ya ɗaga ta. Ba wanda ya iya, a nan ta kwana. A wannan shagon ta ciyar da yarinyar nan har ta kai aji uku a jami'a.

Dogo kuwa ɗan ajinsu Auta ne, shiru-shiru, ga kunya. Tun ajin farko suke haɗa karatu a laburare, daga musayar littafi har abu ya zama abu. Inna ta juya shi ciki da bai yadda take juya ƙyalle a rana, ba ta ga algus ba. Har ta ba da izini manyansa su zo gaisuwa idan an gama jarabawa.

Babban ɗakin lakca aka mayar kotu. An lulluɓe tebur da jan ƙyalle, malamai uku suka zauna a matsayin alƙalai, Dakta malamar da ke shirya gasar tana tsakiya. Inna ta sami kujera a sahun gaba ta kame, jaka a hammata.

Shari'ar ƙirƙira ce, Dakta ta ƙage ta don gwada ɗalibai, kuma da Hausa ake yin ta don iyaye su ji. Wani mutum ya gina shago a filin wansa, ya mutu ya bar mata da marayu, wan kuma ya ce matar ta fita. Kuri'a aka yi aka raba ɓangarori. Auta ta sami ɓangaren mai takaba, Dogo ya sami na wan miji.

Auta ta yi nata, ta kuma yi ƙoƙari. Sai Dogo ya miƙe. Wai! Yaron da ko ido ba ya iya haɗawa da Inna ya koma wani mutum. Ya gyara kwat, ya ce tausayi ba hujja ba ne. Ya ce hawaye ba ya mayar da filin wani ya zama naka. Ya bi maganganun Auta ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa kamar mai kwance ɗinkin koyo, daga ƙarshe ya roƙi kotu ta umarci matar ta kwashe kayanta. Ɗaki ya ɗauki tafi. Alƙalai suka ba ɓangarensa nasara, amma makin duka biyun ya kai su zagayen ƙarshe.

Auta ta waiga tana murmushi, kujerar Inna wayam.

Ta same ta a gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Ki gaya wa yaron nan kada manyansa su wahalar da takalmansu."

"Inna! Me ya yi?"

"Me ya yi? Da kunnena na ji. Ashe macijin ƙaiƙayi na ajiye a gindina! Mace na takaba, ga marayu, ya ce ta kwashe kayanta. Kuma ko muryarsa ba ta girgiza ba."

"Wallahi Inna babu wata mata! Babu shago, babu fili. Firaktis ne kawai. Kuri'a aka yi ta faɗa kansa."

"Kuri'ar ce ta zuba masa maganar a baki? Abin da ke cikin tulu shi yake zuba. Ni na taɓa jin irin waɗannan kalaman, daga bakin baffanninki na ji su, sai dai su ba su iya jera su haka ba. Yau ki aure shi, gobe in kwanta dama, ya koya wa danginsa yadda ake fitar da mace da takarda."

"Aikin lauya ke nan fa, Inna. Kowane ɓangare sai an tsaya masa."

"To ya je ya tsaya wa ɓangarensa. Ni na gama ciniki."

Auta ta faɗa ɗaki ta kife a katifa tana kuka har da shessheƙa. Abin takaicin, ita da ake koya wa shawo kan alƙalai uku, ta kasa shawo kan mace ɗaya mai ɗaurin ƙirji.

Ba irin dabarar da ba ta yi ba. Ta kawo takardar da aka buga shari'ar ta nuna mata, Inna ta ce ta ba mai karatu, ita kunne gare ta. Ta turo Kawu, ƙanen Inna, ya zo da rarrashi, ya koma da goron da ya zo da shi. Dogo da kansa ya je shago ya durƙusa, Inna ta ci gaba da auna yadi kamar ba mutum a wurin. Da ya daɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Malam lauya, ka matsa mini daga hanya, kana tare mini kwastoma. Ko nan ɗin ma filin wan wani ne?"

Ya tashi ya fice.

A makaranta kuma ba a san ana yi ba. Ga tes, ga asamen na yi a gida, ga malamin dokar filaye da ke shigowa ya zuba shari'o'i kamar ruwan sama ya fice. Auta takan zauna a laburare ta karanta shafi guda sau ba adadi, ba abin da ya shiga. 'Yan gurup ɗinsu har sun fara tsiya, suna kiran Dogo "Mai Korar Zawarawa". Ita kam ko dariya ba ta yi.

Ana cikin haka Dakta ta tara su a ofishinta.

"Zagayen ƙarshe shari'ar nan ce dai, amma kamar yadda aka saba, za ku yi musayar ɓangare. Ke ki tsaya wa wan miji, kai ka tsaya wa mai takaba."

Auta ta tari numfashinta. "Dakta, don Allah a canja mini. Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba? To ki ajiye baƙi da farin nan ki nemi wani sashen. Wanda bai san ƙarfin hujjar abokin karawarsa ba, ranar da ya tsaya wa mai gaskiya zai kayar da ita. Ku tafi, ina da aji."

A ƙarƙashin bishiyar da ke gaban sashen, Dogo ya ce, "Ko in janye ne? In dai Inna za ta huce, gasar banza."

"Ka janye ta ce ka tsorata don ka san ba ka da gaskiya. Ba ka san Inna ba." Ta share ido. "Ni zan sassauta. In yi sama-sama kawai, ka ci, shi ke nan."

"A'a. In kika yi haka kin cuce ni, kin cuci kanki. Ki zo da duk ƙarfinki. In ban iya kare matar nan daga gare ki ba, ban cancanci in kare kowa ba."

"Kai komai sai ka mayar da shi lakca!" Ta fizgi jakarta ta yi gaba. Amma maganar ta zauna mata.

Da ta so yi wa Inna bayanin musayar, Inna ba ta bari ta kai ƙarshe ba. "Da shi za ki sake karawa? To zan zo. Ki rama mini, ki nuna masa nonon da kika sha."

Ranar, ɗakin ya cika har tagogi. Inna na kujerarta ta sahun gaba. Auta ta miƙe, ta ƙi duban wajen. Ta fara a hankali, can sai harshe ya saku. Ta ce wanda ya yi gini a filin aro ya san ranar biya na zuwa. Ta ce wan miji ma yana da 'ya'yan da zai ciyar. Ta ce idan kotu ta bi hawaye yau, gobe ba mai sake ara wa ƙanensa ko taku guda. Ta roƙi kotu ta umarci matar ta fita.

"Ke Auta!" Inna ta miƙe tsaye, mayafi na zamewa. "Ni na haife ki kuwa?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Dakta ta bubbuga tebur tana danne tata dariyar. "Mama, a zauna don Allah, kotu na zama."

Auta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta ƙarasa maganarta hawaye na bin kumatunta, amma ko kalma ba ta rage ba.

Sai Dogo ya tashi. Duk ƙofar da shi da kansa ya bi ya kayar da matar a karon farko ya san ta, sai ya bi yana toshewa. Ya ce wan miji yana kallo aka sa tubali aka yi rufi, bai ce uffan ba. Ya sha inuwar shagon shekara da shekaru, sai da ƙasa ta rufe idon ƙanensa ya tuna da fili. Ya ce shirun da mutum ya yi lokacin da ake zuba gumi, ba zai zo ya karya shi a kan marayu ba. A wannan karon mai takaba ta ci. Inna dai ba ta yi tafi ba. Ta dubi Dogo, ta dubi 'yarta, ta tashi ta fita.

A gida Inna ta wuce ɗaki ta kwanta. Washegari ta ce wa Auta a taƙaice, "Ɗauko buhu ki raka ni sari."

A shagon dila Inna ta ja wata atamfa mai ruwan ganye, ta murza ta a yatsu ta taɓe baki. "Wannan? Wanki ɗaya za ta zube. Dubi zanen ma, na bara ne. Wa zai saya?" Dila ya rantse, ya jiƙa gefe da ruwa ya murza a farin ƙyalle don ta gani. Ta ce ta gani, amma ba ta da kauri. Ta yi kamar za ta tafi, ya kira ta. Haka aka yi ta ja har ya sauko, ta ɗaure turmi shida.

Suna fitowa ta shafa buhun tana murmushi. "Kin ga kaya! Wannan ko kwana uku ba za ta yi a shago ba."

"Ba ke kika ce za ta zube ba, Inna?"

"Ke tafi can! Ai wannan ciniki ne. In ban kushe ba, ta ina zai jiƙa ta in ga gaskiyarta? Baki daban, zuciya da..."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya har mai baro ya yi mata magana. Auta ta zuba mata ido.

"Daina kallona da idon ubanki." Ta gyara mayafi ta ci gaba da tafiya. Sun kusa shago kafin ta sake magana. "Wato ku ma kushe kuke yi don a jiƙa a gani."

"Abin da nake ta gaya miki ke nan, Inna."

"Ba haka kika gaya mini ba, turanci kika yi ta yi mini." Ta sauke buhu a bakin ƙofa, daidai inda ta taɓa zama da almakashi. "Jiya da ya tsaya wa matar nan, na ce a raina, da ina da irinsa a wancan lokacin da ban kwana a nan ba. Ki ce masa ya turo manyansa. Amma sai kun gama karatu, ke da shi, kun karɓo takardarku. Wannan kuma ba ragi."

Auta ta rungume ta tana kuka tana dariya. "Na gode Inna! Wallahi na gode!"

"Sake ni, za ki yamutsa mini kaya. Kuma ki gaya masa, in ya zo ya bar muryar kotun nan a waje."

Da yamma Dogo ya zo ya durƙusa, kai a ƙasa kamar yadda ya saba. Inna ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce ya tashi, gwiwar wando tsada gare ta.

To 'yan mata da samari, ku ji. Uwa in ta kafe, ba ƙiyayya ba ce, wani tsohon ciwo ne aka fama mata, kuma ba a warkar da shi da gardama ko fushi, sai da haƙuri da riƙe gaskiyar aiki. Mu kuma iyaye, kada mu yanke wa ɗan mutane farashi daga ji ɗaya. A jiƙa, a murza, a duba a rana tukuna.