Daga Maraɗi Zuwa Katsina ta Sama

A bakin iyakar Jibiya Mu'minat ta fara ganin Badaruddeen, ran da babur ɗinsa ya fantsama mata taɓo a hijabi. Ɗan Maraɗi ne mai dakon albasa. Ya sauko yana ba da haƙuri har sai da ta gaji ta yi dariya, shi ke nan fa zance ya ƙullu.

Ana shirin kai gaisuwa aka rufe iyaka.

Masu babura ba su fasa bin daji ba, amma Malam Rabe, mahaifinta, ya rantse. A wannan hanyar 'yan bindiga suka kashe masa ɗansa Sadiq.

"Wanda duk ka son ɗiyata shi shigo ta ƙofa, da hatimi bisa takarda tai," in ji shi. "In azumi ya kama bai zo ba, Zunnuraini na ba."

Zunnuraini kuwa maƙwabcinsu ne, katanga kawai zai zagayo.

Mu'minat ta rame, ko tuwo ba ta iya haɗiya. Rannan saƙo ya shigo wayarta:

"Hasken idona, na duba. Daga filin jirgin Maraɗi zuwa na Katsina ko minti ashirin ba a yi a sama."

Ta zabura ta kira shi. "To ka taho mana, Badar!"

"Babu jirgin da ka bi nan. Babu shi sam."

Ta kifa kai ta yi kuka mai isarta. Abin haushi, daga bakin shingen iyaka kana hango gonakin Nijar.

Daga nan wayarsa ta daina shiga. Aka ce ya sayar da babur, aka ce an gan shi ya hau motar Yamai. Mata suka ce ai ya sami wata, ita ma har ta fara yarda. Zunnuraini ya aiko da atamfa, ba ta ko kwance ba.

Ana jibi azumi sai ga sallama a zaure. Badaruddeen ne, ya yi baƙi ya zabge, ba jaka sai fasfo. Daga Yamai ya hau jirgi zuwa Lome, daga Lome Legas, Legas Abuja, Abuja Katsina, duk don ya iso garin da a da yake zuwa a babur kafin shayinsa ya huce.

Malam Rabe ya daɗe yana kallon hatiman.

"Da mi za ka riƙe ta, tunda ka saida babur?"

"Ban sani ba, Baba. Ko gida ban san yadda za ni koma ba."

Tsohon ya share ido. "Zamna nan. Ɗakin Sadiq babu kowa."

Washegari aka ɗaura aure, ba dangin ango ko ɗaya. Mu'minat ta riƙe masa waya, mahaifiyarsa na kuka daga Maraɗi.

"Allah shi yi maku albarka, ɗiyata. Ki riƙe man shi da kyau, har ran da za a buɗe."