Takardar Ƙunsa Awara

A ƙofar gidan Inna Larai, cikin Talata Mafara, ɗiyarta Lailatu ke suyar awara da la'asar. Takardar da take ƙunsa wa mutane awarar tsohon ƙamus ne na Turanci da Hausa, ba bango, ba farko. Lailatu ta bar makaranta tun rasuwar mahaifinta, amma ba ta yage shafi sai ta karanta shi.

Imrana ɗan garuwa ne, ya gudo daga ƙauyensu Gidan Goga bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna, yana kwana a zauren gidan Inna Larai. Kullum sai ya sayi awara, ya shimfiɗa takardar a gwiwa.

"Malama, yau mi Turawa suka ce?"

"Referee, alƙalin wasa. Refill, sake cikawa."

"Wannan aikina ne ni da jarkoki. Na ƙasa fa?"

Ta duba. "Refugee. Ɗan gudun hijira."

Ya yi dariya. "Ashe har a littafin Turawa an san da ni."

A haka so ya shiga tsakaninsu. Da Imrana ya turo kawunsa neman izini, Inna Larai ta fito zaure da kanta, ta fuskanci Imrana.

"Ɗiyata za ka kai ina? Cikin kurar ruwa? Mutumin da ko tabarmar kwanansa tamu ce. In kana da gida, koma ka nuna muna shi."

"Inna, don Allah..." in ji Lailatu daga bayan ƙyaure.

"Rufe min baki. Karatun banza ya kwashe miki hankali."

Imrana ya naɗe tabarmar, ya jingine ta da bango, ya koma Gidan Goga don ya tada ɗakin mahaifinsa.

Lailatu ba ta yi wa uwarta musu ba. Ta ɗaga ƙamus ɗin ta sa ƙarƙashin filo, ta koma ƙunsa awara a jarida. Tana shara, tana girki, tana kai goshinta ƙasa, amma dariya ta bar gidan. Inna Larai na gani, tana kau da kai.

Damina na tsakiya labari ya zo: an harbi Imrana a gona, yana asibiti a Maradun, an yanke masa ƙafa ɗaya daga gwiwa.

Inna Larai ta zauna daɓas a bakin murhu. "Ni na ce ya koma," ta ce. "Da bakina."

Da safe ita ta soya awarar. Ta shiga ɗakin Lailatu, ta ɗaga filo, ta yage shafin da ke sama ta ƙunsa. Suka hau mota ita da Lailatu.

Imrana ya rame ƙwarai. Ya yunƙura zai gaishe ta, ta dafa kafaɗarsa. Ta miƙa masa ƙunshin. Ya buɗe, ya shimfiɗa takardar bisa zanen da ya rufe gwiwarsa.

"Malama, a ina muka tsaya?"

Lailatu ta share ido ta duba. "Regret. Nadama."

Inna Larai ta fashe da kuka.

"Tsallake wanga, Inna ta riga mu iya shi," in ji Imrana a hankali. "Duba can ƙasa."

"Relative. Dangi."

"Shi nika roƙo, Inna, in har gurgu na da rabo."

"Zauren ba naka ba ne kuma," ta ce. "Ɗakin babanta za ku shiga."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Yanzu Imrana ke ƙunsa awara a zaune, Lailatu na suya, sun kusa cinye ƙamus ɗin. Haƙurinsu Allah bai bar shi ya faɗi ƙasa ba. Amma duk lokacin da sandarsa ta buga a tsakar gida, Inna Larai takan sunkuyar da kai ta yi istigfari.

Iyaye, mu auna abin da za mu faɗa wa wanda masifa ta koro ƙofarmu. Ana yafe maganar, amma abin da ta jawo ba ya komawa yadda yake.