Kaskon Balki

"Ku aje akwatin ga ƙasa!"

Rana tsaka ce, a hanyar Matankari zuwa Dogon Dutsi. Gado ne ya daka tsawar, da bindigar toka a hannu. 'Yan dako suka yar da kaya, suka faɗa cikin gero. Gardi mai rakiyar kayan kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya kai hannu ga bindiga, amma kibiyar Yaro, abokin Gado, ta riga shi.

Gado ya tsaya a kansa. Ya san shi sarai. Shi ne ya sharara wa Balki, uwar Gado, mari ranar da kumandan ya ƙwace kaskonta, wai za a kai gidan tarihi a ƙasarsu. Kasko ne mai ƙyalli da rubutun Larabci, kakan kakanta ya zo da shi daga Masar. A cikinsa take ba masu naƙuda ruwan rubutu. Tun ranar tsohuwar ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba.

"Ka tuna marin Inna?" in ji Gado. Ya ja kunama.

Suka sunkuci akwatin da kaskon ke ciki, suka shige duwatsu. Can Dogon Dutsi kuwa labari ya isa, dawaki shida sun fito.

To, ga inda Gado ya tafka wauta. Don ya samu abokan fashi, ce musu ya yi zinariya ce a akwatin. Da suka yaye auduga, kaskon ya ɗauki ido kamar zinariyar gaske. Ɗantala, na ukunsu, ya haɗiye yawu.

"A raba ukku."

"Ba shi rabuwa," in ji Gado. "Yumɓu na, wallahi. Na Inna na."

"Yumɓu ka walƙiya haka? Mu za ka maida sakarkaru?"

Yaro ya cafke Gado ta baya. Ɗantala ya ɗora kaskon kan dutse, ya ɗaga gatari—ƙwas! Ya tarwatse. Ciki gasasshiyar ƙasa ce, irin ta tukunya.

Gado ya fizge, ya wafci gatarin. Ɗantala ko ihu bai samu yi ba. Yaro ya ruga, ya faɗa hannun mahaya, kuma shi ya nuna musu wurin.

Sun tarar da Gado a durƙushe yana tsintar gutsattsari. Kumandan ya sa aka kwashe gutsattsarin, aka liƙe, aka haye da kaskon teku. Yana can bayan gilashi, da giɓi a bakinsa.

Da aka bi da Gado ɗaure ta Matankari, ya tofar da wani abu a ƙofar gidansu. Bayan kwana uku aka harbe shi. Balki ta wanke guntun kaskon da ya fito daga bakin ɗanta. Har ta mutu, shi take jefawa a ƙwaryar masu naƙuda.