Na'urar Shagon Malam Giɗaɗo

Ranar Litinin aka kai ƙara ofishin 'yan sanda na Bagudo cewa an kore shanu goma sha tara daga wata ruga kusa da Zagga. Ranar Laraba aka tare wani direba a hanyar iyakar Benin da uku daga cikinsu. A wayarsa akwai hotunan shanun, waɗanda aka turo masa kafin a sace su.

Masu bincike na hedikwata suka bi sawun hotunan. Ƙaramin kamfanin da ya ja wayar intanet zuwa shagunan Illo ya ce ta modem ɗin Malam Giɗaɗo, wato na'urar intanet ta shagonsa, suka fita. Malam Giɗaɗo dattijo ne mai sayar da maganin dabbobi, kuma ya san kowane garke a yankin. Aka kama shi, aka cire modem ɗin, aka miƙa wa Sufeto Attahiru fayil ya kammala.

Sufeto ya same shi a bayan kanta, zaune a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura.

"Baba, wa ke amfani da na'urar nan?"

"Ni da mai ɗakina. Ita ka duba mini farashin magani, ni ban iya ba."

"Wa ya haɗa muku?"

"Zayyanu mai waya. Shi ka haɗa ma kowa a Illo."

Washegari Sufeto ya tafi Illo. Shagon a buɗe yake, amma ba mai shiga, duk da ranar kasuwa ce. Hamsatu, matar Giɗaɗo, tana zaune tana korar ƙuda daga kan kwalabe.

"Makiyaya sun daina zuwa, Yallaɓai. Cewa suke shi ya nuna shanun."

"Na'urar tana ba ku matsala?"

"Kullum. Kana tsakiyar aiki sai ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Na kira Zayyanu ya fi sau biyar."

"Me ya ce?"

"Wai ɓera ne ke cin waya."

Sufeto ya bi wayar da ido tun daga bango har falwaya. Babu inda ɓera ya taɓa. Duk inda aka ɗaure ta, da yankakkiyar robar tayar babur aka ɗaure, ƙulli biyu da saura.

Zayyanu yana rumfarsa a bakin tasha, yana gyaran caja. Matashi ne mai fara'a. Ya share benci da hularsa.

"Bayyana mini yadda kake haɗa modem," in ji Sufeto.

"Ba wuya, Yallaɓai. Ka ɗaura waya a bayanta, ka ba ta wuta, ka jira fitilun su tsaya. To a gindinta akwai takarda mai lamba, haruffa da lambobi goma sha biyu. Ita ce adireshinta. Sai in ɗauki hoto in tura kamfani tare da katin shaidar mai shago. In ba su yi rajistar lambar ba, ko shekara ka yi kana jira ba ta hawa."

"Na'ura biyu za su iya zama da lamba ɗaya?"

Zayyanu ya yi dariya. "Kamar zanen yatsa ne. Daga masana'anta take fitowa da ita."

"To me ke sa ta Giɗaɗo ɗaukewa?"

"Tsufa, Yallaɓai. Na'urar da mai na'urar."

Hamsatu ɓera aka ce mata. Sufeto bai nuna ya lura ba. Ya gode masa ya tashi.

Da ya koma ofis sai ya sa aka fito masa da modem ɗin daga ɗakin ajiyar shaidu. Ya juya ta, ya kira kamfanin. Wata ma'aikaciya mai suna Mansura ta ɗauka. Ya karanta mata lambar harafi bayan harafi.

"Yaushe lambar nan ta yi aiki na ƙarshe?"

Ya ji tana danna madannai. "Yanzu haka tana kan layi."

Sufeto ya dubi modem ɗin a kan teburinsa, wayarta a naɗe, ba ko fitila ɗaya a kunne.

"Hajiya, na'urar tana gabana. Kwananta shida ba ta ga wuta ba."

Ta ce, "To an kwafi lambar an sa wa wata. Wanda ya iya yana yi. Mu a nan lamba kawai muke gani. In su biyun suna kunne, wannan ta kori wannan, sai layi ya riƙa ɗaukewa."

"Me ya hana ku faɗa wa hedikwata haka?"

"Sunan mai lambar suka tambaya, shi muka ba su."

Ta duba ta ce siginar daga reshen wayar da ya bi hanyar iyaka take zuwa.

Da azahar Sufeto da 'yan sanda uku suka bi reshen. A bayan wani sito na buhunan gawayi wata waya ta rabu, ta bi ƙarƙashin kwano ta shiga wani ɗaki. Kafin su ƙarasa, babura biyu sun tashi ta baya sun faɗa daji. Daga nan zuwa Benin ba a kai minti goma, kuma ikon Sufeto bai tsallaka ba.

A ɗakin akwai tabarma, batirin sola da wata modem mai fitilu a kunne. An kankare takardar gindinta. Wayar kuwa an ɗaure ta da robar tayar babur, ƙulli biyu da saura.

Zayyanu bai gudu ba. Da aka ajiye na'urorin biyu a gabansa a ofis, ya daɗe yana kallonsu.

"Ɓera ne ko tsufa?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, wallahi ban san shanu ne ba. Cewa suka yi 'yan gawayi ne, ba su da kati, kamfani ba zai yi musu rajista ba."

"Sunayensu?"

"Alhaji kawai nike kiran babban."

"Shago nawa ka haɗa wa waya a Illo?"

"Sun kai arba'in."

"Me ya sa ka zaɓi lambar Giɗaɗo?"

Zayyanu ya sunkuyar da kai. "Sauran in layi ya ɗauke kamfani suke kira. Shi ni kaɗai yake kira. Kuma duk abin da na ce ya yarda."

Ya sa hannu a takardar bayaninsa. Sufeto ya ɗauka ya shiga wurin Difi'o, ya roƙi a saki dattijon.

"Ka makara, Attahiru. Tun da safe hedikwata ta aiko mota, kana can Illo. An gurfanar da shi a Birnin Kebbi, alƙali ya tura shi gidan yari. Zama na gaba sai bayan wata biyu."

"Yallaɓai, ga shaida a hannuna. Mutumin ba shi da lafiya."

"Rubuta rahoto. Za su ce lambar tasa ce, kuma ɓarayin ba su shiga hannu ba balle su ce ba su san shi ba. In an karanta, an karanta."

Sufeto ya rubuta shafi huɗu, aka ɗora a kan tarin fayil.

Washegari da safe aka fito da Zayyanu da ankwa, mota na jira ta kai shi Birnin Kebbi. Hamsatu tana bakin ƙofa, ta zo tun daga Illo da kwanon fura a ɗaure cikin ɗankwali, don ba wanda ya gaya mata an ɗauke mijinta. Zayyanu ya kau da kai ya hau bayan motar.

"Yallaɓai, an ce ya amsa laifinsa," in ji ta.

"Ya amsa, Inna."

"To motar nan in ta kai shi, da Malam za ta dawo?"

Sufeto ya dubi direba. Direban ya ce mutum ɗaya aka rubuta masa ya kai, ba a rubuta masa ya ɗauko kowa ba. Ya tada mota suka tafi.